Dattijon da Bai San Wa Ya Ci Ba

Jiya a Tibiri, mai duba ƙananan alƙalan wasan ƙwallon ƙafa ya daka tsalle da ƙwallo ta shiga raga. Ana tashi kuma ya zazzaga wa matashin alƙalin masifa gaban jama'a. Tir! Me ka gani, kai da kallo ya kawo ka?

Sai na tuna Baba, dattijon da ya duba mu muna matasan alƙalan wasa. Idonsa ba ya bin balo, mu yake bi. Ranar da na fara busa usur a Sabon Gari, ya ja ni gefe, bakinsa jawur da goro, ya dafa bayana da ya jiƙe sharkaf.

"Ka yi gudu, ɗana, amma ihun mutane na razana ka. Af, wa ma ya ci?"

Allah ya jiƙan Baba, ya raba yaranmu da 'yan kallo masu rigar malamai.