Kujerar Mashin da Aka Auna da Ƙuguna

Shekara tara ke nan, a wannan daminar, da ɗan farina ya riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙan shi. Ni ban yi boko ba, kuma ban taɓa jin na gaza don haka ba. Ina faɗa, ɗiyata Hajo tana rubutawa, in ta gama ta karanta mini, don alƙalami ma yana da son ƙari. Abin da ya fito da ni guda ne: aikin da ya yi da hannunsa a tsakar gidana nan Aliero yau yana yawo tsakanin Jega da Maiyama da sunan wani. Ga shi kuma a wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa masa shi bai fita bakina ba. To, wadda ba ta iya faɗin suna, yaya za ta yi ƙarar an danne shi?

Asalin maganar ƙuguna ne. Na zame a kan kunyar albasa ina kai abinci fadama. Masu ɗorin garinmu sun yi aikinsu, ƙashi ya kama, sai dai ɓangaren hagu ya zauna ƙasa-ƙasa. Yayata kuwa tana Liba, ba ta da lafiya, dole in riƙa zuwa. Shi ke kai ni a mashin ɗin da yake kabu-kabu da shi. Kafin mu kai Jega hawaye sun cika mini ido, amma ban taɓa cewa uffan ba. Ashe yana kallona ta madubi.

Wata safiya na tarar ya kwaɓa laka da ciyawa kamar mai ginin rumbu, ya shimfiɗa ta da kauri a kan falanki, ya rufe da tsohon zane. Ya ce, "Inna, hau ki zamna kamar kina bisa mashin." Na dube shi sama da ƙasa. Zuciyata ta fara ba ni wani boka ne ya aiko shi, daga baya na ce ko wasa yake da furfurata. Na rantsar da shi ba kowa a zaure, sannan na hau. Da na tashi, ga zamana kwance a laka, gefe ɗaya ya fi zurfi. Kwana uku yana korar kaji har ta bushe.

Daga nan ya kwance kujerar kamfani, ya ɓare ledar, ya zubar da tsohon soso, ya bar gindin kawai. Ya sayo soso iri biyu a kasuwar Jega, mai tauri a ƙasa, mai taushi a sama, ya haɗa su da gam mai warin da ya hana awakina cin dusa. Da wuƙar yankan albasa yake fere shi, ya goge da magagari, ya kai kusa da lakar ya duba, ya sake ferewa. Sau biyu yana ɓatawa yana sake sayowa. Da aka zo rufi, keken tela ya karya allura biyu a baƙar ledar, tela ya ce a kai kasuwa. Ni na ɗinke ta da basilla da zaren buhu da na murza da kakin zuma. Ya shanya ta a rana har ta yi laushi, ya ja gaba, ya ja baya, sannan gefe-gefe, bai bar ko lanƙwasa ɗaya ba. Ranar da muka gwada, har Liba ban gyara zama ba.

Duk kwanakin nan akwai mutum guda a tsakar gidan: abokinsa Labbo, shi ma ɗan kabu-kabu. Yana zaune kan turmi yana ɓarar gyaɗa. Bai taɓa miƙo ko almakashi ba, amma idonsa bai bar hannun yarona ba. Tun a lokacin na ce a raina, in ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi.

Bayan shekara biyu zazzaɓi ya kwantar da ɗana, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Aka sayar da mashin don rabon gado. Mai saye ya ce ba ya son karkatacciyar kujera, ya sa ta kamfani. Labbo ya zo ya durƙusa, idanu jawur, ya ce in ba shi ita ya riƙa tunawa. Na ba shi. Lakar kuwa na neme ta a bayan rumbu ban gani ba, na ɗauka ruwan sama ya cinye ta.

Bara na hau kabu-kabu daga tashar Jega zuwa Maiyama. Ina zama, jikina ya faɗa wurinsa kamar ƙafa a tsohon takalmi. Hagun nan da ke ƙasa-ƙasa ya sami abin da ya tallabe shi. Na dafa kafaɗar mai mashin na ce wa ya yi wagga kujera. Ya ce, "Ta Labbo ce, Inna. Tsohi da masu ciki in ba ita ba ba su hawa." Ruwa ba ya tsami banza. Da na sauka na tsaya bakin hanya ina ƙirga da ido, kusan duk mashin na uku da irinta. Ashe shekaru matan garuruwa uku suna zama a gurbin ƙuguna ban sani ba.

Ranar kasuwa na sa Hajo ta kai ni rumfar Labbo. Ya yi ƙiba. Ga soso tsibi, ga ma'aikata, ga allo a sama, Hajo ta ce sunansa ne kaɗai a jiki. Ban amsa gaisuwarsa ba. Na ce masa ashe farke amanar da na ba shi ya yi, ya kwafi cikinta. Bai yi musu ba, ya shiga ciki ya fito da kujerar a naɗe cikin buhu. Na bi ɗinkin da yatsa tun daga gaba har ya zagayo. Hannuna ne, zarena ne, ba inda aka taɓa. Sai ya rage murya ya ce, "Shi da kainai ya kawo min lakar, Inna, tun yana da lahiya. Yac ce in yi ma mutane, amma kar ki sani, don ba ki son a san an auna ki."

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji, don ta yi kama da shi. Amma shaidarsa wa? Matacce ba ya musu, kuma mutumin da ya iya kallon aiki har ya ɗauke shi zai iya kallon hali ya ɗinka magana daidai da shi. Na ce to, in haka ne, ina sunan mai aikin a allonka? Ya waiwaya ya dubi 'yan kabu-kabun da suka taru, ya ce, "Hwaɗi sunan da kike so, Inna, yanzu in kira mai henti." Aka yi dariya. Labbo ya san sunan nan kamar nasa, tare aka yi musu kaciya. Ya kuma san bakina ba zai buɗe ba. Na ɗauki kujerata na juya. Hajo ta ce wai da gaske yake, girmama ni ya yi. Hajo tun tana ƙarama ake yi mata wayo da alewa.

Na sha tambayar kaina me yaron nan zai ce da yana nan. Na san zai danna soson da suke sawa yanzu da babban yatsa ya ce ya yi sirir, damina biyu zai kwanta. Zai ce suna manna leda da sanyin safiya ba su bari rana ta taɓa ta, shi ya sa take tsagewa a kusurwa. Batun suna kuwa dariya zai yi, ya ce, ai masu ciki sun huta. Shi ke nan halinsa, tuwon girma ba ya ci, wani yake tuƙa wa. Amma ya bar 'ya'ya biyu, kuma da kunnena na ji wata a gidan biki tana cewa ubansu bai bar komai ba sai tsohon mashin. Zato zunubi ne, malamai sun faɗa, na kuma ji. In Labbo gaskiya ya faɗa, Allah ya yafe mini. In ƙarya ya yi, shi da Allah. Ko wanne ne, allon nan bai canza ba har yau, na aika an duba mini sau uku.

Abin da ya rage na yarona a duniya ba gida ba ne, ba gona ba. Tsohuwa ce ta sauka a Maiyama ba ta dafe baya ba. Wannan ba ya bukatar ni, zai ci gaba ko na mutu. Sunan ne ba shi da mai riƙe shi in na yi shiru. Hajo ta ce bari ta rubuta kawai, ba sai na furta ba, ai takarda ba ta jin kunya. Na ce a'a. A gaban mutane aka ce in faɗa, kuma ba zan ari bakin wani in ci albasa ba. Shekara arba'in da shida na yi ina kewaye sunan nan, na kira shi "wanga", na kira shi "mai mashin". Kunyar ta yi mini ado, shi ba ta bar masa komai ba.

Labbo, ka kira mai fentinka. Wanda ya yi kujerar nan ɗana ne, sunansa Sa'idu.