Maganar da Hajiya Ta Fara a Hanyar Jebel Ali

Ni ce 'yar farin Hajiya, don haka tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Waccan" take ce mini, ran da ta ga dama kuma ta ce "yayarku". A gaban mutane ba ta haɗa ido da ni, in zan samu amsa sai ta bakin wani. Kakata ce ta yaye ni ta riƙe ni, kuma ban taɓa jin haushin wannan kunyar ba, haka muka taso muka ga ana yi a unguwarmu a Kano. Sai dai na san abin da ƙannena ba su sani ba. In aka bar mu mu biyu, ba kowa ko a bakin ƙofa, Hajiya takan saki jiki ta yi mini hira har da dariya. Irin wannan zaman ba kasafai nake samunsa ba, kuma shi nake nema da na yi ta roƙonta ta zo mini Dubai hutun Disamba.

Ta zo tare da ƙanwata da yaranta biyu da aka ba hutun makaranta. Tun daga filin jirgi ta faɗa wa ƙanwata, ina ji, cewa gwiwoyinta sun gaji da zaman jirgi, in ba Makka ba ta gama tafiya. Na gane saƙon nawa ne.

Ina aiki a wani kamfanin kago, masu tura kaya, a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, gidana kuma wani ɗan falat ne a Port Saeed, nan gefen ruwan Deira. Wanda bai yi wannan aikin ba zai ɗauka Disamba watan shaƙatawa ne, tunda zafi ya tafi, gari ya yi daɗi, kowa ya kwashi iyali ya fita. Mu a wajenmu watan bala'i ne. Kowane ɗan kasuwa so yake kwantenarsa ta hau jirgin ruwa kafin shekara ta ƙare, kuma kowa sai a ƙurarren lokaci yake kawo takardunsa. Ina idar da sallar asuba nake fita, in dawo an yi isha, in tarar Hajiya ta kwanta, an rufe mini tuwo a kula. Wayata kuwa ko a bayi ba ta barina, har na haɗa ta da mota don in riƙa amsawa ina tuƙi.

Na roƙi ogana hutun mako guda. Ya kalle ni kamar na ce ya ba ni kamfanin. Da ƙyar da jiɓin goshi ya yarda da rana ɗaya, Talata, ya ce khalas, wato shi ke nan, kar in ƙara tayar da maganar. Na karɓa na yi godiya. Na tsara komai: ƙanwata za ta kwashi yara su tafi wurin wasa, ni da Hajiya mu hau ɗan kwalekwalen fito mu tsallaka ruwan Deira, mu samu benci mu zauna da shayi, in kashe waya.

Sai bakina ya ja mini. Na faɗa wa Kawu.

Kawu ƙanin Hajiya ne, ɗan kasuwa, yana saro kayan gyaran waya a Deira yana turawa Kano, rabin shekararsa a nan yake yi. Na faɗa masa ne don ya zo ya gaishe ta kafin Talata ko bayanta. Shi kuwa bawan Allah ya shiga guruf ɗin 'yan garinmu ya yi shela cewa babbar yayarsa ta sauka, duk mai son gaisuwa ya zo Talata, tunda ranar mai gidan tana hutu. Ku ji fa, wai tunda ina hutu! Hutun da na yi wa wani ƙato magiya kafin na samu, shi Kawu ya raba wa jama'a kamar goron ɗaurin aure.

Tun da hantsi aka fara buga ƙofa. Kafin azahar takalma sun cika bakin ƙofa sun malala har baranda, maƙwabcina Ba'indiye yana tsallake su yana girgiza kai. Akwai waɗanda na sani, akwai waɗanda ko a hanya ban taɓa gani ba, wani ma cewa ya yi kakarsa ta taɓa zama a layinmu. Hajiya tana kan kujera tana amsa gaisuwa, ana tambayarta gajiyar hanya da mutanen gida, ni kuma ina kicin. In ba a kicin ba ina zan zauna? 'Yar fari ba ta zama kusa da uwarta cikin taro, kuma ba a gaishe da babba a tashi ba a ci komai ba. Na dafa shinkafa ta ƙare, na tuƙa tuwo ya ƙare, na koma dafa taliya. Ƙanwata ta fasa fita ta kama mini wanke-wanke, yara suna kuka don an hana su wurin wasa.

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk wanda ya gama da Hajiya sai ya leƙo ƙofar kicin ya yi ƙasa da murya. Wannan kwantenarsa ta makale, wancan so yake a sa tasa a gaba, tunda ai ni ce a tashar. Sai ka ce jirgin na ubana ne. Wata kuma ta dire ƙatuwar jaka a tsakar falo, wai ɗan saƙon surukarta ne Hajiya za ta tafi mata da shi Kano, Hajiyar da ko jakar hannunta ni nake riƙe mata.

Bayan la'asar Kawu ya shigo kicin yana sakace, ya ce a ƙara shayi, wasu suna hanya daga unguwar Muhaisnah. Nan haƙurina ya ƙare. Na ce masa rana ɗaya tak nake da ita da uwata, ya ƙwace ta bai ko tambaye ni ba. Ya zaro ido ya ce ashe zaman Dubai ya koya mini rowar baƙi.

"Yayata ce tun kafin ta zama uwarki," in ji shi.

Falat ɗin ƙarami ne, kowa ya ji. Can sai muryar Hajiya, tana magana da ƙanwata: "Ki ce wa waccan ta kawo wa baƙi shayi." Na dafa na kai.

Ana gobe za su koma, ban shawarci kowa ba. Muna idar da asuba na ce mata ta yafa mayafi ta raka ni ta ga hanyar da nake bi kullum. Na ƙudura in kai ta har bakin get ɗin tashar, in dawo da ita gida, in ya so oga ya yi duk faɗan da zai yi. Ta tashi ta biyo ni. Kujerar gaba na buɗe mata, ta wuce ta zauna a baya.

Mun hau babban titi kenan gosulo ya riƙe mu. Wannan gosulon da nake tsine wa kowace safiya, ranar har addu'a na yi kar ya saki. Muna tafiya shwaiya shwaiya, wato sannu a hankali, Hajiya ta fara. Ta kwaikwayi mutumin nan mai kaka a layinmu, ta ce ƙarya yake, ta san duk wanda ya taɓa zama a layin. Ta ce Kawu tun yana ƙarami haka yake, in ya ga an ɗora tukunya sai ya kira duk yaran unguwa. Muka yi dariya har na ji ƙwalla. Ta ce na rame, ta ce tuwona ya yi ruwa. Daga nan ta juya tana kallon taga.

"Ranar da aka zo ɗaukar ki yaye," ta ce, "ban fito daga ɗaki ba. Kowa ya ce kunya ce. To, ba kunya ba ce. Ni dai a ranar…"

Waya ta yi ƙara. Wallahi ban yi niyya ba, yatsana ne ya danna maɓallin sitiyari da kansa, yadda ya saba duk safiya don kar oga ya jira. Muryar Kawu ta cika motar, ko sallama bai ƙarasa ba ya hau tambayar ko kwantenarsa ta hau jirgi. Ta madubi na ga Hajiya ta ja mayafi ta gyara zama. A wurinta mun zama mu uku.

Na katse shi. Na ce ta ci gaba, ba kowa yanzu, na ma kashe wayar gaba ɗaya na nuna mata.

"Ki kira shi," ta ce. "Kawunki ne, ba a katse babba."

Na roƙe ta, har na ce don Allah don Annabi. Sai ta nuna dogayen ƙarafan nan masu ɗaga kwantena da suka fara bayyana can nesa, ta tambaye ni yadda ake kiransu. Na faɗa mata. Ta ce ikon Allah. Muka kai bakin get, ta kalla, muka juyo, har gida zancen ƙarafa da manyan motoci take yi.

Washegari ƙanwata da Kawu ne suka zauna gefenta a motar zuwa filin jirgi. Har yau Kawu bai san abin da ya yi ba, in na faɗa masa ma cewa zai yi ai waya kawai ya buga. Ina kiranta duk Juma'a, kuma gidanmu na Kano gidan yawa ne. Ban taɓa kira na same ta ita kaɗai ba.