Makeron Ƙeyata a Bayan Fararen Ɓeraye

Aikina na farko bayan na gama makaranta kiwon ɓeraye ne, a wani ɗakin bincike a kudu inda ake nazarin cututtukan fata. Ni ke sauya musu shimfiɗa, ni ke zuba abinci da ruwa, ni ke ɗora su a sikeli duk ranar Litinin. Farare ne tas, idanu jajaye, kuma sun fi ni jin daɗi, don na'urar sanyaya ɗaki saboda su aka sa ta.

Shugabarmu 'yar kudu ce, gajeriya mai saurin tafiya, kowa Dakta yake ce mata. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne makero, wannan zagayayyen tabo mai ƙaiƙayi da ke cinye gashi. Tana son ta gane yadda garkuwar jiki ke yaƙar ƙwayar da ke kawo shi. Ƙwayar da muke da ita ta daɗe a firij ana renonta, ita kuwa wadda ke yawo a kawunan mutane take so, kuma wurin samun ta shagunan aski ne. Da ta ji ni ɗan zangon Yendi ne, ina jin Hausa da Dagbanci, sai ta ce in haɗa jakata, za mu tafi arewa mu bi shagunan aski.

Na ce, "Dakta, ni fa na ɓeraye ne."

Ta ce, "Ɓerayen za su iya mako guda ba kai. Ni ba zan iya awa guda a can ba in babu mai fassara."

A Salaga muka fara. Aikin ba shi da wuya: a goga sabon buroshin haƙori a bakin injin aski, a sa shi a leda, a rubuta lamba. Amma mai shagon farko, wani dogo mai ƙaramin gemu, yana ganin safar hannun Dakta ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce, "Malam, ku dubagari ne?"

Na rantse masa ba mu ba ne. Bai yarda ba. Ga kujera babu kowa, sai na zauna na ce ya rage mini gashi. Kafin ya gama gefe ɗaya mun gano cewa goggota ta taɓa sayar wa uwarsa man kaɗe, mun zagi hanyar Bimbilla tare, mun kuma yi gardama a kan ƙwallo. Da ya kakkaɓe mini wuya, da kansa ya miƙa wa Dakta injinansa uku, har da wani tsoho da ya ciro daga ƙarƙashin tebur.

Dakta ta ga dabarar ta ci, shi ke nan ta zama doka. Duk shagon da muka shiga, sai ta nuna mini kujera da haɓa. A shago na biyu aka ƙara ragewa, a na uku aka gyara gefe. Mun bar Salaga da buroshi cike da akwati, ni kuma kaina sai sheƙi yake yi kamar an shafa masa mai. A Bimbilla muka tsaya direba ya sayi doya, matar da ke sayarwa ta tambaye ni ko daga Makka na dawo.

A Yendi na kai Dakta gidanmu. Mahaifina malami ne, a zaure yake karantar da manya bayan la'asar, galibinsu 'yan kasuwa. Ya sa aka kawo mata tuwon zafi, ya bari sai da ta ci, sannan ya ce in tambaye ta abin da za a yi da ƙurar da muke tarawa. Na gaya masa za a rene ta, a shafa wa ɓeraye.

Ya ce, "Lafiyayyu?"

Na ce, "Lafiyayyu, Baba."

Ya ja carbinsa. "Tambaye ta, suna jin zafi?"

Dakta ta ajiye cokali. Ta ce ana sa su barci kafin a taɓa su, ana duba su kullum, wanda ciwo ya yi wa yawa ba a barin sa ya wahala, kuma akwai wasu mutane da sai sun amince kafin a taɓa ko da ɓera ɗaya. Ta ce duk da haka ba za ta ce masa ba sa jin komai ba, don ƙaiƙayi ƙaiƙayi ne. Na fassara. Baba ya ce wannan ta ƙarshen ce ta sa ya yarda da sauran. Sannan ya juyo kaina.

"Kai ke ba su ruwa?"

"Ni ne, Baba."

"To kada ka makara."

A shagunan Yendi gemuna ya tafi, da ɗan abin da ya rage a ƙeya. Da muka isa Bawku, bayan mota ta girgiza mu har haƙora, mai shagon farko wani dattijo ne Bamoshe mai Hausar kasuwa. Na zauna a kujerarsa. Ya zagaya ni sau ɗaya, ya shafa kaina da tafin hannu.

Ya ce, "Ɗana, me zan aske? Gira?"

Duk da haka ya bi kan da inji don kada ya ba ni kunya, ya kuma ba mu duk abin da muka nema. Ya ce shekarunsa da yawa a wannan sana'a, yana ganin 'yan gida ɗaya su yi aski a jere, ɗaya ya kamu ɗaya ya tsira, shi dai ya bar wa Allah sani. Dakta ta rubuta maganar a littafinta. Muka cika bayan mota da albasa, muka bi ta Zebilla muka gangara kudu.

Kwana goma sha wani abu da dawowarmu na fara sosa ƙeya. Na ɗauka sabon gashi ne ke tsirowa. Wata safiya na sunkuya ina wanke kwalaben ruwan ɓeraye, Dakta ta zo wucewa ta bayana, sai na ji takunta ya tsaya.

Ta ce, "Kada ka motsa."

Ta dawo da ɗan gilashin ɗaukar samfuri da ɗan ƙarfen kankare fata. Ban taɓa ganin ta cikin farin ciki irin na ranar ba. Tana kankare mini fata tana ba ni haƙuri, tana cewa laifinta ne da ta riƙa zaunar da ni a kujeru, amma muryarta ba ta mai nadama ba ce. Ta sa likita ya rubuta mini ƙwayoyi da man shafawa, ta hana ni shiga ɗakin ɓeraye sai da hula da safar hannu biyu. Ba mu taɓa sanin a wane shago na ɗauko shi ba.

Yawancin buroshin da muka sha wahalar tarawa ba su ba da abin kirki ba, wasu ma funfunar burodi kawai suka tsirar. Abin da aka kankaro daga ƙeyata kuwa ya cika farantin renon ƙwaya, fari sol kamar auduga. Shi aka zaɓa.

Aka kasa ɓerayen kashi biyu. Na farko garkuwarsu cikakkiya ce. Na biyu an haife su ne ba su da wani sinadari da fata ke aika saƙo da shi idan baƙo ya shigo, kamar gida ne da babu mai kiran maƙwabta. Ni na aske musu baya, ɗan wuri kamar faɗin babban yatsa, da wani ƙaramin inji. Ina yi ina jin wani irin daɗi da ban gaya wa kowa ba, don wannan karon inji a hannuna yake.

Kwanakin farko babu abin gani. Daga nan bayan 'yan kashin farko ya yi ja, ya kumbura, ya fara ɓawo, har na je na gaya wa Dakta cewa masu garkuwar ne suka fi shan wuya. Ta zaunar da ni gaban madubin ƙara girma ta nuna mini yankin fatar ɗaya. Fararen ƙwayoyin jini sun yi cincirindo a wurin kamar ranar kasuwa. Ta ce jan da nake gani faɗan ne kansa: fatar na yin kauri, tana saurin zubar da samanta, ƙwayar makeron na faɗuwa tare da ɓawon. Cikin makonni kaɗan gashinsu ya dawo, ba magani ko ɗaya. 'Yan kashi na biyu kuwa ƙwayar ta yi musu zaune, tana cin gaba a hankali. Su na fi daɗewa a gaban kejinsu. Akwai wata ƙarama mai yankakken kunne da ke hawa hannuna da kanta idan na buɗe murfi. Ranar da aka ce lokacinsu ya yi, na nemi wani abokin aiki ya karɓe ni, na tafi wankin kwalabe.

Ni dai ina nan da tabona. Ɓeraye sun warke sun bar ni ina haɗiyar ƙwaya kowace safiya bayan koko. Na tambayi Dakta ko garkuwata ce ta lalace. Ta ce a'a, ƙwayar ta mutane ce, ta san hanyar ɓuya a cikin gashin mutum, a jikin ɓera kuwa baƙuwa ce, shi ya sa ake saurin gane ta. Daga baya aka sake shafa wa waɗanda suka warke. Wannan karon ɗan ja kawai suka yi na 'yan kwanaki, ya wuce.

Da Babbar Sallah na je gida da hula har kunne. Mahaifiyata tana tsakar gida tana yanka nama, ta dube ni sau ɗaya ta ce in cire. Na cire. Ta wanke hannu, ta juya kaina wajen haske, ta ga wurin ya fara baƙi da sabon gashi. Na ba ta labarin duka, har da farantin da aka rubuta wa lambata.

Ta ce, "Wato yanzu akwai ciwonka a firij a kudu."

Na ce, "Akwai, Mma. An ce zai yi shekaru."

Ta ce in ɗauki matashin kaina daban, kada in taɓa tawul ɗin kowa, sannan ta miƙo mini wuƙa da cinyar rago ta ce tunda hannuna lafiya lau yake, in zauna.