Mashigin Hanyar Achika

Da na yi ritaya daga koyarwa sai na sayi tsohuwar a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, don kai taki gonarmu ta bayan Achika. Tuƙin kwalta na iya. Na daji kuwa yayana ne ya koya mini, shi da ya tsufa yana ɗebo yashi da tifa a bakin kogin Wudil.

Ranar farko bai bari na tayar da ita ba sai da muka rage wa tayoyi iska, don su baje a kan yashi. Ya sa na loda shebur da igiyar ja da katakai, da wata doguwar gora ta auna ruwa.

Wata rana cikin damina, da hantsi, muka iso wani kwari da ruwa ya cika, ja wur, yana tafiya a hankali. Babu kowa a gonaki, ko kukan tsuntsu ba ka ji. Sai ga mutum a tsakiyar ruwan, da farar riga da malafa, ruwa iya idon sawunsa. Yana yafito mu da hannu, alamar mu biyo ta nan.

Na sa giya. Yaya ya dafa sitiyari.

"Kashe ta."

"Haba Yaya, ruwan bai kai ko'ina ba."

"Na ce kashe ta."

Ya sauka ya yi sallama da ƙarfi. Ba a amsa ba, sai dai yafitowar. Ya naɗe wando, ya shiga yana dungura gora. Nan da nan ruwa ya kai masa cinya. Ya miƙa gorar kusa da inda mutumin yake, ta nutse har hannunsa ya jiƙe, ba ta taɓa ƙasa ba.

Da baya da baya Yaya ya fito.

"Ja da baya," ya ce. "Kada ka danna totur, taya za ta haƙa. Madubi za ka kalla, ba gaba ba."

Haka na yi ta ja da baya har dawa ta kare mana kwarin. Muka zaga ta wata hanya.

Sai da muka sauke takin na tambaye shi.

"Yaya, ka san mai malafar nan?"

Ya juyo ya dube ni.

"Wace malafa? Ni mace na gani, da goyo."

Da rani na koma wurin ni kaɗai. Ruwa ya ƙafe, sai wani rami da ya fi tsayin mota zurfi, daidai tsakiyar hanya. Wani manomi da na tambaya ya ce su ba sa bi ta nan in ruwa ya sauka. Daga nan ya shiga tambayata lafiyar iyali.