Ranar da Muka Kai Inna Bakin Teku

Inna ta zo Amurka ne da niyyar yin wata uku, ta ga takwararta, wato 'yata, wadda a lokacin shekararta huɗu. A wata na biyu ta fara rama, abinci ya daina zama a cikinta. Ni nas ce, don haka da likita ya ja ni waje ya nuna min hoton hantarta, ban nemi dogon bayani ba, na ga ciwon ya riga ya yi nisa. Ya ce ya kamata a gaya mata. Na ce to, amma har kwana tara na kasa.

Maigidana ne ya ce mu fita da ita. Tun zuwanta daga Zariya ba ta ga komai ba sai falonmu na Gaithersburg da ɗakin jira na asibiti. Wata Asabar a ƙarshen Agusta na yi dafa-duka na zuba a kula, muka kama hanyar Ocean City, tafiyar kusan awa uku. Da muka hau doguwar gadar da ta ratsa ruwa, Inna ta rufe ido tana salati har muka sauka. Yarinyar kuwa tana ta jan mayafinta wai ta kalli jiragen ruwa.

A garin akwai hanyar katako da ta bi gefen teku, shaguna jere a ɗaya hannun. Maigidana ya karɓo keken marasa lafiya. Inna ta ce ƙafarta lau, kuma ba za ta yarda surukinta ya tura ta a bainar jama'a ba. Ba ta yi nisa ba ta tsaya ta dafa benci tana haki. Daga nan ta zauna a keken, ni na tura.

Mun sha kallo. Yarinyar ta hau dokin lilo sau uku, duk zagayowa sai ta ɗago wa kakarta hannu. Inna ta ga mutane kwance a rairayi kusan tsirara, ta kawar da kai ta ce Allah ya shirya. 'Yata tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, Inna kuma ko kalma ɗaya ta Turanci ba ta ji, sai dai duk abin da jikar ta faɗa ta ce mata haka ne, takwara. A haka suka yini suna hira. Da muka buɗe kula, cokali biyu kawai ta ci.

Bayan la'asar ta ce tana so ta taka ruwan. Ta cire silifa, na riƙe ta muka gangara a hankali. Igiyar ruwa ta jiƙa mata bakin zane, ta yi dariya, ta ce ashe sanyi ne da shi haka. Maigidana ya ɗauki yarinyar suka tafi sayen askirim, ya rage mu biyu.

"Tun ranar da likitan nan ya kira ki waje na sani," in ji ta, idonta a kan ruwan. "Ki mai da ni gida."

Na fara yi mata bayanin magani da irin kulawar da ake samu a nan. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ta gode, amma tana so 'yan'uwanta su yi mata wanka, a kuma kwantar da ita kusa da Baba. Ni ce 'yarta ta fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, ban kuma tuna ranar da ta taɓa ni a gaban mutane ba. A wurin ta kama hannuna ta riƙe, har muka hango su suna dawowa.

Bayan mako biyu na raka ta Zariya, na yi kwana goma na dawo saboda aiki da yarinya. Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, aka kai ta kafin la'asar. Lokacin da ƙanina ya kira, ina cikin mota zan kai 'yata makaranta. Na kai ta har ƙofar aji, na ce ta yi karatu da kyau, sannan na koma motar na kira maigidana na ce ya nemo min jirgi.