Ramukan Bi Mboja

Shekara arba'in da ɗoriya Bi Mboja tana kamun pweza, wata dabbar ruwa mai hannu takwas da ke ɓuya a ramukan duwatsun teku, kuma ba a taɓa ganin ta dawo da kwando wayam ba. Ramukanta goma sha ɗaya ne, gadon uwarta. A ƙauyensu na tsibirin Pemba mace ba ta nuna raminta ko ga 'yar cikinta, sai ta ji ƙafa ta fara gazawa. Ita kuwa Bi Mboja, da ruwan teku ya janye sai ta yi gabas a idon mutane, ta ɓace, ta zagaya yamma. Da ramukan nan ta riƙe gida bayan mutuwar miji, ta aurar da 'ya'ya huɗu, ta kai jikarta Riziki jami'a.

Jami'ar ce ta dawo mata da Riziki, tare da abokan karatu uku: mai auna ruwa, mai ƙirga kifi, da wani Makame mai zana taswira. Aikin Riziki shi ne ta sa tsofaffi su buɗe baki. Mako biyu ba wadda ta faɗi inda raminta yake.

"Bibi," in ji Riziki, don haka suke kiran kaka, "kowa ya cika littafinsa, nawa ne kaɗai fanko. Faɗuwa zan yi."

"Ki faɗi mana, uwar kuka. Ƙasa ba ta ƙin kowa."

"Haba Bibi! Wahalarki ce fa za ta tashi a banza."

Nan ta kama tsohuwar. Washegari ta ja yarinyar ita kaɗai, ta nuna mata rami bayan rami, har da yadda ake gyara duwatsun bakin rami don wani pweza ya sake tarewa. Riziki ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, kuma ba ta gaya ba. Wayar da ke aljihunta ce ta adana kowane taku, da yamma Makame ya karɓi wayoyin kowa, domin dama haka aka tsara aikin.

Malamansu suna da wata ƙa'ida da suke taƙama da ita: abin da aka samo wurin jama'a, a mayar wa jama'a. Aka tara gari a makaranta, aka raba shayi da mandazi, wato fankensu, aka rataye taswira. Ga jajayen ɗigo goma sha ɗaya reras. Matan da ba su san bihim ba ma sun karanta ta tsaf.

"Ashe yamma ne, Bi Mboja!" in ji maƙwabciyarta Mwanakombo, tana dariya har da riƙe ciki. "Munafukar tsohuwa, shekara arba'in kina galabaitar da mu a gabas!"

Ruwa na janyewa mata talatin suka rufe wurin da ƙarafa. Ba mai haƙurin lallashin pweza ya fito, fasa duwatsun suka yi ta yi. Kwana uku kowane gida na cin pweza, har da na shanya. Bi Mboja ta tsaya cikin ruwa iya gwiwa tana kallo.

Riziki ta yi kuka, ta roƙi gafara, ta koma jami'a ta ci jarrabawa da yabo. Bi Mboja kuwa yanzu pwezan wasu take bugawa a kan yashi don ya yi laushi, a tsinka mata hannu ɗaya ta kai gida.

Bara Riziki ta bugo waya, murya fal murna.

"Bibi, an ba mu sabon bincike! Za mu gano abin da ya ƙarar da pweza a yammacin gari. Malam ya ce ke za mu fara tambaya."