Ranar da Inna ta je ta hana

Yayata mace ce da zuciyarta ba ta san tsaka-tsaki ba. Da safe kai ne nata, kafin la'asar ka zama maƙiyi, don kawai ka tafi kasuwar Waca ba ka yi mata sallama ba. In ta ji kamar za a guje ta, sai ta shige ɗaki ta ɗora bakin wuta a hannunta. An sha rubutu, an yi hayaƙi, har wani mai jinya a Magariya ya tura mu Damagaram, wurin wata likita da magana ce maganinta.

Inna ba ta taɓa yarda da aikin ba. A ganinta mace mai lafiya ita ce mai haƙuri, wadda ba a jin bakinta. Yaya kuwa tun da ta fara zuwa sai bakin ya buɗe. Ranar sussukar gero ta dubi Inna ta ce, "Kin yaba aikin kowa ban da nawa, kuma ya yi mini ciwo." Ni kaina sai da na sunkuyar da kai.

Bayan kaka likitar ta nemi wani daga gida ya zo a duba ko zaman yana da amfani. Inna ta ce da ƙafarta za ta je ta kashe maganar. Na raka ta, don na san in ta hana, an gama.

"Ciwon ƙaruwa ya yi," in ji Inna da muka zauna gaban likitar. "Dā shiru take yi ta shige ɗaki. Yanzu mayar mini da magana take."

Likitar ba ta yi musu ba. Ta ce, "Inna, in ta fito daga ɗakin, wa ke wanke mata ƙuna?"

"Ni."

"Yaushe rabonki da wankewa?"

Inna ta daɗe tana murza bakin mayafinta. "Tun kafin shuka," ta ce.

Likitar ta ce ba warkewa aka yi ba, da sauran tafiya. Muka hau mota muka juyo.

Mun tarar da Yaya tsaye a ƙofar gida, ko zaman jira ta kasa. Ta ce, "An hana ni ko?"

Inna ta wuce ta, ta aje buta, sannan ta juyo. "Ki ci gaba da zuwa. In na ɓata miki rai ki faɗa mini. Gara in ji da kunnena da in gani a hannunki."